Yadda Ake Gane Dentin Ya Buɗe a Haƙori da Yadda Ake Rufe Shi

Mutum ya kurɓi ruwan sanyi, sai ya ji wani abu ya tsarga masa a haƙori ɗaya kamar an soka allura, kafin ya ajiye kofin kuma abin ya wuce. Ya duba madubi bai ga rami ba, bai ga kumburi ba. Gobe ya ja iska ta baki, abin ya sake dawowa. Ruwa ba ya tsami banza: galibi dentin ne ya buɗe, wato sashen haƙori da ya kamata a ce kullum yana lulluɓe. Yawancin dabarun magance wannan zugi, na gida da na asibiti, a kan abu ɗaya suke tafiya, shi ne toshe bakin wasu ƙananan bututu da ke cikin dentin ɗin. Wanda bai san ginin ba yakan yi ta dirzar wurin da buroshi yana zaton datti ne, ya ƙara buɗe abin da ake so a rufe.

Abin da ke ƙarƙashin farin ɓawo

Haƙori hawa-hawa ne. Sashen da ake gani a baki yana sanye da farin ɓawo mai tsananin tauri, inamel. Saiwar da ke nutse cikin muƙamuƙi tana da nata siririn rufi da ake kira siminti. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, nama mai laushi da jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi ke ciki. Duk abin da ya cika tsakanin rufin waje da ɓargo, tun daga kai har ƙarshen saiwa, shi ne dentin, kuma shi ne mafi yawan jikin haƙori. Wanda ya taɓa ganin hauren giwa ya ga dentin, domin haure kusan gaba ɗayansa shi ne.

In aka auna nauyinsa, kusan kashi 70 cikin 100 ma'adini ne, ƙananan duwatsun kalsiyam da fosfet da ake kira haidiroksi-afatait. Kashi 20 furotin ne, kuma kusan kashi 90 na wannan furotin zaren kolajin ne, irin wanda ke cikin ƙashi da fata. Ragowar kashi 10 ruwa ne. In kuwa da yawan wurin da kowanne ya ci aka auna, ruwan ya haura kashi 20, ma'adinin bai kai rabi ba. Inamel shi kuwa kashi 96 ɗinsa ma'adini ne. Shi ya sa ya fi dentin tauri wajen sau 5, amma taurinsa irin na tangaran ne, mai saurin tsagewa in ba shi da abin dogara. Dentin yana da ɗan sassauci saboda zaren kolajin da ya ratsa shi kamar rodi a cikin kankare, sai ya zame wa inamel katifa lokacin tauna. Iyakar da suka haɗu ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, lanƙwashe-lanƙwashe take, kuma tsagar da ta taso daga inamel yawanci a nan take tsayawa.

Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske. Inamel yana barin haske ya ɗan ratsa shi, saboda haka launin haƙorin mutum yawanci na dentin ɗinsa ne ake hangowa. Haƙori mai ɗan rawaya ba lallai mai datti ba ne, kuma dirza ba ta faranta shi. Ƙara sirantar da inamel take yi, rawayar ta ƙara fitowa.

Bututun ne inda gizo ke saƙa. In aka yanka dentin aka duba a madubin ƙara girma, za a gan shi huda-huda kamar rariya. Kowace huda bututu ce da ta taso daga ɓargo ta nufi waje, a kan haƙori tana tafiya a ɗan karkace kamar harafin S. Kusa da ɓargo faɗin bututu ɗaya kamar maikiromita 2.5 ne, kusa da inamel ya tsuke zuwa ƙasa da 1. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, silin gashi ɗaya ya ninka bututun faɗi sau gommai. Yawansu ma ba ɗaya ba ne: a murabba'in milimita ɗaya ana samun kusan 20,000 a can waje, amma kusan 45,000 kusa da ɓargo. Wato gwargwadon zurfin da aka yi cikin haƙori, gwargwadon yadda dentin ke ƙara zama jiƙaƙƙe, mai hudoji da yawa, mai saurin isar da komai ga ɓargo. Kowane bututu cike yake da ruwa, kuma a gindinsa, a bangon ɓargo, akwai ƙwayar halittar da ta gina shi, odontobilas, ta miƙa siririyar jelarta a ciki. Bangon da ya kewaye bututun ya fi sauran dentin yawan ma'adini, kuma yana ƙara kauri da shekaru.

Maginan nan ba sa barin aiki muddin haƙori na da rai, saɓanin na inamel da suke ƙarewa da zarar haƙori ya fito. Yayin da haƙori ke ginuwa suna shimfiɗa dentin na farko kamar maikiromita 4 a rana. Bayan saiwa ta kammala sai su rage gudu, su ci gaba da ɗora na biyu a hankali har ƙarshen rayuwa, ɗakin ɓargo yana ta tsukewa. In kuma wani abu ya tsokani wuri ɗaya, kamar ruɓa ko gogewa, sai su yi facin gaggawa a daidai ƙarƙashin wurin, shi ne dentin na uku. Wannan ne dalilin da ya sa haƙoran dattijo suka fi rawaya amma ba su cika zugi ba, shi kuma yaro ɗan rami kaɗan ya isa ya kai masa ɓargo, domin dentin ɗinsa siriri ne, ɗakin ɓargon kuma faffaɗa.

Me ke kawo zugin

Bayanin da masana suka fi yarda da shi na likitan nan ne ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, wanda ya yi aiki a kansa a shekarun 1960. Sanyi, busasshiyar iska da abu mai zaƙi duk suna sa ruwan cikin bututu ya motsa da sauri, galibi ya nufo waje. Motsin ne ke fizgar jijiyoyin da ke gindin bututun, su kuwa ba su san wani saƙo ba sai na zafi. Faɗin bututu yana da tasiri fiye da yadda za a zata: in faɗin ya ninka sau 2, ruwan da zai iya gudana ya ninka sau 16. Saboda haka ɗan abin da tsami zai zaizaye a bakin bututu ya isa ya mai da haƙorin da ke lafiya jiya ya zama abin damuwa yau. Haka nan ba sai an toshe bututun gaba ɗaya ba kafin a ji sauƙi, tsuke bakinsa kaɗan ma yana rage abu mai yawa.

Mataki na farko: a tabbatar dentin ne

A lura da tsawon zafin, da agogo in da hali. Zugin buɗaɗɗen dentin kaifi gare shi, yana zuwa nan take da abin da ya tayar da shi, ya tafi cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an janye abin. A tsaya gaban madubi a ɗaga leɓe, a duba wuyan haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Ana neman rawayan layi, ko ɗan kwari kamar an sassaƙe da wuƙa, ko dasashin da ya janye har haƙorin ya fi maƙwabtansa tsawo. Fiƙoƙi da haƙoran da ke bayansu sun fi kamuwa, ta gefen kunci. A ja farce a hankali a wurin. In zugin da aka saba ji ya taso, an gano shi.

Akwai alamun da ke nuna maganar ta wuce nan, kuma man goge baki ba zai yi musu komai ba: zafin da ya daɗe rabin minti ko fiye bayan an cire sanyin, zafin da ke tasowa da kansa ko ya tashi mutum daga barci, wanda abu mai zafi ke tayarwa, wanda ake ji in an ciza ko an saki cizo, ko kumburi da ɗan ƙurji a dasashi. Waɗannan na nuna kumburin ɓargo, ko tsaga, ko ruɓa a ɓoye, ko tsohon ciko da ya saki. Sai likitan haƙori, da hoton eksire in ya ga da buƙata. Haƙorin da ya yi ta ciwo ya yi shiru rana ɗaya ba tare da magani ba, sau da yawa ɓargon ne ya mutu, ba warkewa ya yi ba.

Mataki na biyu: a nemo abin da ke buɗe shi

Abu biyu ne suke haɗuwa. Na farko rufi ya tafi, na biyu bakin bututun ya buɗe. A wuyan haƙori simintin saiwa bai wuce maikiromita 20 zuwa 50 ba, don haka da zarar dasashi ya janye, 'yan watannin buroshi sun isa su share shi. A wasu haƙoran ma tun asali inamel da siminti ba su haɗu ba, akwai ɗan gibi. Duk da haka ba kowane buɗaɗɗen dentin ke zugi ba, saboda yawu yana ajiye ma'adini a bakin bututu ya toshe su. Tsami ne ke wanke wannan toshiyar.

A ma'aunin tsami na pH, inda 7 ke tsakiya kuma raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, inamel yana fara narkewa a wajen 5.5. Dentin ba ya jira a kai can, tun daga wajen 6.2 zuwa 6.7 yake fara sakin ma'adininsa. Lemon kwalba mai gas irin na kola yana wajen 2.5, ruwan lemon zaƙi tsakanin 3 da 4. Wanda aka rubuta ba sukari a jikinsa ma tsaminsa na nan. Kuma yawan lokutan da aka kurɓa ya fi yawan abin da aka sha ɓarna: kwalba ɗaya da aka yi awa 2 ana tsotsa ta fi wadda aka shanye tare da abinci lahani nesa ba kusa ba. Tsamin ciki ya fi duk waɗannan ƙarfi, don haka mai fama da ƙwarnafi ko yawan amai zai ga zaizayar ta fi yawa ta cikin haƙoran sama, gefen ganɗa, kuma sai an magance cikin kafin haƙorin ya zauna lafiya. Sai cizon haƙora cikin barci, wanda ke cinye kan haƙori har rawaya ta fito a tsakiya, da bushewar baki da wasu magunguna ke jawowa, da sinadarin faranta haƙora wanda ke ratsawa har ɓargo ya sa zugi na 'yan kwanaki.

Mataki na uku: aikin gida

A sauya buroshi zuwa mai laushi, a riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, ba da dunƙulen hannu ba. A karkata gashinsa kamar digiri 45 zuwa dasashi, a riƙa ƙananan kewaye, ba ja-in-ja daga hagu zuwa dama ba, domin wannan ne ke sassaƙa kwarin nan a wuyan haƙori. Minti 2, sau 2 a rana, ɗaya daga ciki dab da kwanciya. In gashin buroshi ya baje kafin wata 3, hannun ya yi nauyi.

Kada a goge baki nan da nan bayan shan abu mai tsami ko bayan amai. A lokacin saman dentin ya yi laushi, buroshi kankare shi zai yi. A kurkure da ruwa, a jira aƙalla minti 30, awa ɗaya ta fi, yawu ya mayar da ma'adinin da ya fita. Cingam marar sukari yana ƙara gudun yawu. Gawayi, toka da gishiri, da man da ake tallatawa don kankare tabo, duk sun fi ƙarfin dentin tunda bai kai inamel tauri ba. Mai buɗaɗɗen wuyan haƙori ya rabu da su.

Wajen zaɓen man goge baki a karanta jikin kwalin. Fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, a man babba ya kasance tsakanin 1,350 da 1,500 a ma'aunin da ake rubutawa ppm, wato kashi cikin miliyan. Man rage zugi iri biyu ne, kuma aikinsu ya bambanta. Mai fotasiyam naitiret, yawanci kashi 5 cikin 100, ba ya toshe komai, jijiyar yake kwantarwa, kuma sai an yi mako 2 zuwa 4 ana amfani da shi kullum kafin a ji bambanci sosai. Masu sitanos fuloraid, ko arjinin da kalsiyam, ko sitirontiyam, su ne ke ajiye toshiya a bakin bututu. In ɗaya bai yi ba bayan wata guda, a gwada ɗaya irin maimakon a sake sayen mai sinadari iri ɗaya da wani suna. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, in ba haka ba an zubar da maganin kafin ya zauna. Da dare a lakato ɗan man da yatsa a shafa a daidai wurin na minti ɗaya, a bar shi a kwana da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an ji sauƙi. Toshiyar ba ta dindindin ba ce, tsami da tauna suna cire ta, zugin ya dawo cikin makonni. Na biyu shi ne ƙaurace wa wurin don tsoron zafi. Daudar da ta taru a nan bakteriya ce mai fitar da nata tsamin, ga shi ruɓar saiwa tana gudu fiye da ta inamel.

Mataki na huɗu: abin da likita zai yi

In mako 4 zuwa 6 suka wuce ba sauƙi, aiki ya koma asibiti. Ana farawa da mafi sauƙi: shafa fentin fuloraid mai ƙarfin 22,600 ppm a wurin, a maimaita bayan 'yan watanni, ko a rubuta wa babba man da ke da 5,000 ppm. In bai isa ba sai a rufe bututun da gam na musamman, in kuma kwarin ya yi zurfi a cike shi. Mai cizon haƙora a yi masa robar da zai riƙa sa wa haƙora lokacin barci. Cire ɓargo gaba ɗaya don zugi kawai shi ne zaɓin ƙarshe, kuma ba a cika kaiwa can ba.

Manna ciko a dentin ya fi manna shi a inamel wuya, kuma sanin dalilin yana taimaka wa mai haƙori ya gane me ya sa wani cikon ke zugi. Injin da ya fiƙe haƙori yana barin wata siririyar laka ta garin haƙori, kaurin maikiromita 1 zuwa 2, liƙe a saman wurin. A wata hanyar ana wanke ta da asid na fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37, na daƙiƙa 15 kacal a kan dentin. Asid ɗin yana narkar da ma'adinin 'yan maikiromita na sama ya bar zaren kolajin tsirara, tsaye cikin ruwa kamar raga. Gam ɗin ya shiga tsakanin zaren ya daskare, ya zama wani hawa da ba dentin zalla ba, ba gam zalla ba, wanda masanin Japan Nobuo Nakabayashi ya bayyana a 1982. In aka busa iska fiye da kima, ragar ta rushe ta manne kamar jiƙaƙƙiyar auduga da aka matse, gam ya rasa hanyar shiga. In aka bar ruwa ya yi yawa, gam ya tsinke. In asid ya daɗe, ya ci zurfin da gam ba zai kai ba, a bar kolajin tsirara a ƙasa yana ruɓewa a hankali. Kowanne daga ciki yana barin ɗan gibin da ruwan bututu ke motsi a ciki, shi ne zugin da ake ji in an tauna a kan sabon ciko. Ɗigon yawu ɗaya ma yana ɓata aikin, shi ya sa ake killace haƙorin da roba ko auduga. Zugi na 'yan kwanaki zuwa mako 2 bayan ciko mai zurfi ba abin tsoro ba ne in yana raguwa. In yana ƙaruwa, ko haƙorin ne ke fara taɓa na sama in an rufe baki, a koma a duba tsayin cikon.

Ruwan da injin ke fesawa ma ba ado ba ne. Hawan zafi na kamar digiri 5.5 a ma'aunin Salsiyas a cikin ɓargo yana iya yi masa illa, kuma busar da dentin da iska na tsawon lokaci yana zuƙo maginan dentin, wato odontobilas, cikin bututunsu.

Ruɓa tana canja hali in ta ƙetare inamel. Da ta isa iyaka sai ta bazu gefe-gefe a ƙarƙashinsa, ta bi bututu ta nufi ɓargo, don haka ɗan baƙin ɗigo a kan haƙorin turmi yana iya zama ƙofar babban kogo. Ruɓaɓɓen dentin hawa biyu ne. Na waje ya yi laushi kamar cuku, cike da bakteriya, kolajinsa ya wargaje, ba ya gyaruwa. Na ciki ya rasa ma'adini amma zarensa na nan, yana iya sake tauri in an rufe shi da kyau. Saboda haka likitocin yanzu ba sa kankarewa har sai sun ga fari fat a rami mai zurfi. Suna tsabtace gefen ramin sosai don ciko ya kama, su bar ɗan na ciki a saman ɓargo, domin in kaurin da ya rage tsakanin rami da ɓargo ya gaza rabin milimita, haɗarin ɓargon ya ƙaru ƙwarai. Launin ruwan ƙasa shi kaɗai ba hujjar kankarewa ba ne: baƙin tabo mai tauri da sheƙi a saiwa sau da yawa ruɓa ce da ta tsaya.

Akwai yaran da dentin ɗinsu ke zuwa da matsala tun asali. A wata cutar gado haƙoran kan fito ruwan toka ko ruwan ƙasa masu sheƙi, inamel ya riƙa ɓarewa don ba shi da madogara mai kyau, kuma wani lokaci tana tafe da cutar saurin karyewar ƙashi. Irin waɗannan ana sa musu hular haƙori da wuri kafin su cinye. Maganin tetirasaikilin kuma yana kama kalsiyam a dentin da ke ginuwa ya bar zane mai duhu na har abada, dalilin da ya sa ake kauce wa ba da shi ga mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 8.

In haƙori ya ɓalle a faɗuwa

A duba wurin da ya karye. Fari zalla inamel ne kawai, ba gaggawa. Rawaya a tsakiya dentin ne, dubban bututu a buɗe ga bakteriyar baki, ana so a rufe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman a yaro mai faffaɗan bututu. Jan ɗigo ko jini daga tsakiyar haƙorin ɓargo ne, wannan na ranar ne. A nemo ɓallin, kada a nannaɗe shi a takarda ko auduga, a jefa shi cikin madara ko ruwan gishirin asibiti. Dentin da ya bushe yana sauya launi kuma ba ya kama gam da kyau, amma ɓallin da ya iso a jiƙe sau da yawa ana iya manna shi daidai inda ya fito. Kafin a isa, a guji sanyi da zaƙi, a tauna ta ɗaya gefen, kuma kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona naman take yi.